Darasi na 9: Sauro, Kaska da Ƙuda a Ƙasar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Wannan darasi a bakin gulbi ya kamata a fara shi. Kwana huɗu ko biyar bayan an sheƙa ruwa a watan Agusta, ka ɗauki ludayi ko farin kwano, ka bi burtalin da shanu ke bi zuwa gulbin Gagare a Ƙaura Namoda. Duk inda saniya ta taka laka, kofatonta ya bar ɗan gurbi, ruwa ya kwanta a ciki garai-garai, rana na dukansa. Durƙusa ka ɗan jira, sannan ka kamfato ruwan a hankali. Za ka ga wasu 'yan tsutsotsi da ba su wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, suna wutsil-wutsil. Waɗanda suka kwanta a miƙe daidai da fuskar ruwa, kamar tsinke ya faɗa ciki, su ne 'ya'yan sauron da ke kawo masassara. Waɗanda suka rataye kai ƙasa wutsiya sama wani jinsi ne daban.

Gani ya kori ji. A zafi irin na ƙasarmu, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike bai fi mako guda zuwa kwana 10 ba. Ke nan sawun saniya ɗaya da ya riƙe ruwa na mako guda ya isa ya yaye sauro. Yanzu sai ka ɗaga kai ka dubi burtalin nan har ƙarshensa, ka tuna fadamun shinkafa na Shinkafi, da ramukan tubali a bayan gari, da gefen kududdufai, da sauran ruwan da Gagare da Bunsuru ke bari idan sun ja baya.

Tambaya biyu za mu riƙa yi wa kowane ƙwaro a wannan darasi: ina yake haihuwa, kuma yaushe yake cizo? Amsar ta bambanta daga ƙwaro zuwa ƙwaro, shi ya sa dabarar da ke tare wannan ba ta tare wancan.

Sauron dare

Har yanzu a ƙauyukanmu za ka ji ana cewa ɗanyar masara ce ke kawo masassara, ko dukan ruwan sama, ko tumun sabon gero. Bai kamata a yi wa masu wannan magana dariya ba, domin sun lura da kyau: lallai ciwon yana tsananta ne daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da masara ke nuna. Lokacin suka gane daidai, mai laifin ne ya ɓuya. Ruwan da ya raya masarar shi ya raya sauron. Wani likitan Ingila mai suna Ronald Ross ne ya fara ganin ƙwayar cutar a cikin cikin sauro, a ƙasar Indiya, ranar 20 ga Agusta 1897.

Ga yadda abin yake. Macen sauro ce kaɗai ke shan jini, saboda da shi ƙwanta ke ƙosawa. Jinsin da ke yaɗa masassara masana na kiransa Anofilis, kuma ana gane shi idan ya sauka a bango: yana ɗaga gindinsa sama kamar mai dungure. Yawanci daga magariba zuwa asuba yake cizo, musamman da tsakar dare. Idan macen ta ciji mai ɗauke da cutar, ba nan take za ta iya harbin wani ba. Sai ƙwayar ta yi kwana 10 zuwa 14 tana girma a jikinta, ta kai ga miyaunta. Wanda ta ciza bayan nan, cutar kan wuce hantarsa ta hayayyafa, ta fito ta shiga fasa jajayen ƙwayoyin jini. Bayan kamar kwana 10 zuwa 15 sai sanyi da rawar ɗari da ciwon kai su bayyana. Wannan fasa jini shi ne dalilin da ya sa za ka ga tafin hannun yaro da cikin idonsa sun yi fari fat, a ce jininsa ya ƙone.

Ku riƙe waɗannan kwanaki 10 zuwa 14, domin a nan hikimar gidan sauro mai magani take. Sauro ba ya daɗewa a duniya, mafi yawansu kan mutu kafin ƙwayar ta nuna a jikinsu. Tsohuwar sauro ce mai hatsari. Duk wadda ta sauka a kan gidan sauro mai magani tana neman hanyar shiga, ta taɓa ajalinta kafin ta tsufa. Saboda haka gidan sauronka maƙwabcinka ma yake karewa, shi kuma idan ya naɗe nasa ya jefa a ƙarƙashin gado, har kai ya cuta. Ba na jin daɗi idan na ga an kewaye lambun tumatir da shi, ko an rufe 'yan tsaki, ko ana su da shi a gulbi. Na san talauci ne ke sa wasu, amma kuɗin ƙarin jini na yaro ɗaya ya ninka kuɗin shinge sau da yawa.

Kula da gidan sauro ba wuya. Sabo a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a kwana a ciki, wannan ke rage ƙaiƙayin fuska da mutane ke kuka da shi. A wanke shi da sabulun wanka, kada a sa omo, a shanya a inuwa. Ya yage, a ɗinke. A cusa gefensa a ƙarƙashin katifa ko tabarma. Idan zafi ya kore ku tsakar gida, a kafa sanda huɗu a fita da shi. Ƙarfin maganinsa kan kai kimanin shekara 3.

Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum miliyan 249 suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a duniya, 608,000 suka rasu, kuma kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da kashi 31 na mamatan a Najeriya suke. Binciken ƙasa na 2021, inda aka duba jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5, ya sami cutar a jikin 22 cikin kowane 100. A Zamfara abin ya haura yaro ɗaya cikin uku, a Kebbi kuwa kusan rabi. Wannan lissafi ya ƙara nauyi a yankinmu saboda halin tsaro. Wanda ya baro ƙauyensa a ƙasar Zurmi ko Shinkafi cikin dare ba ya tsayawa kwance gidan sauro. Yana kwana a barandar makaranta ko kangon gini, yaransa ga yunwa, kuma yaro mai tamowa masassara ba ta yi masa da sauƙi. Likitocin ƙungiyar MSF da ke aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi suna karɓar irin waɗannan yara kowace damina. Idan ɗan'uwa ya yi gudun hijira ya sauka a gidanka, ka lissafa gidan sauro tare da tabarma da tuwo.

Akwai kuma maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a 2012 don ƙasashe irin namu da cutar ke zuwa da damina. Kowane zagaye na kwana 3 ne: na ranar farko a gaban ma'aikaciya ake sha, na kwana biyu da suka rage a hannun uwa ake bari. A nan ake samun tangarɗa. Ma'aikaciya ta dawo ta ce, “Inna, ina maganin jiya?” Sai a ce mata, “'Yar nan, ai lafiyarsa lau, na ajiye sai ranar da ya kwanta.” Inna don ƙauna ta yi, amma wannan magani na mai lafiya ne, aikinsa ya zauna a jini wata guda yana jiran cutar. Idan yaro ya riga ya kwanta, wani maganin daban yake buƙata. Haka mai juna biyu: idan ciki ya wuce wata 3, a wurin awo ana ba ta nata rigakafin, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Allurar rigakafin wannan cuta ma ta shigo Najeriya, an fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, sai dai ƙari ce a kan gidan sauro, ba ta ɗauke shi ba.

Idan jiki ya yi zafi, a yi gwaji kafin a sha magani. Ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 a ga sakamako. Idan cutar ce, maganin da ake bayarwa yanzu na kwana 3 ne, kuma a shanye shi ko da jiki ya yi sanyi tun ranar farko. Sayen ƙwaya biyu a kemis a bar saura shi ke sa ciwo ya lafa ya dawo. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ba ya gane mutane, ko numfashinsa na sama-sama, asibiti za a nufa da shi a wannan sa'a. Kada a tura masa cokali a baki, kada a zauna ana turare ana jiran gari ya waye. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauke shi, addu'a a yi ta a kan hanya.

Tsakanin 1969 da 1976 an yi wani babban gwajin yaƙi da masassarar sauro a ƙasar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. An yi ta fesa magani a ɗakuna, an raba ƙwayoyi ga jama'ar ƙauyuka, cutar ta ragu ƙwarai. Da aka daina, ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya kwana a ɗaki balle feshin ya same shi. Masana a duniya har yau suna komawa ga abin da aka koya a Garki, wato a irin ƙasarmu aikin shekara-shekara ne, da dabaru da yawa a haɗe.

Wannan sauron dare dai shi ke yaɗa tsutsar da ke kawo tundurmi da gwaiwa a karkara. Ba sammu ba ne, ba kuma taka wani abu aka yi ba. Gwaiwa ana yi mata aiki a asibiti ta warke.

Sauron rana

Akwai wani baƙi mai zanen fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana, musamman da hantsi da la'asar. Shi ba ruwansa da fadama. A cikin gida yake haihuwa: randa, tulu, duro, tsohuwar taya, gwangwanin madara, kaskon ruwan kaji. Shi ke yaɗa zazzaɓin shawara. Cutar ta sake ɓulla a Najeriya a Satumba 2017 daga Jihar Kwara, ta taɓa Zamfara, kuma a Janairu 2018 aka fara gagarumin rigakafi a Kogi da Kwara da Zamfara. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ana yi wa jariri a wata 9. Ƙwan wannan sauro yana manne wa bangon randa daga ciki, yana jure bushewa na watanni, shi ya sa zubar da ruwan kaɗai bai wadatar ba. A dirje randar da soso duk mako, a rufe ta da faifai ko murfi.

Kaska

Ranar Alhamis, idan kasuwar Shinkafi ta cika, ka shiga kara ka tsaya kusa da shanu da raƙuman da aka koro daga nesa, wasu daga ƙasar Nijar. Ɗaga wutsiyar sa, ka duba hantsar saniya, da tsakanin cinyoyi, da cikin kunne. Da wuya ka rasa kaska. Dabba ta canza hannu, kaskarta ta bi ta zuwa sabon gida.

Makiyayi bai buƙatar a gaya masa sharrin kaska ga dukiyarsa. Ya san tana shan jini har dabba ta rame, tana lalata kan nono, tana ɓata fata ta faɗi a kasuwa. Ya san babbar nan mai ado a baya, wadda ke yawaita da farkon damina, tana tafe da kirci. Wata kuma na sa wa saniya zazzaɓi da fitsarin jini. Shi ya sa cire kaska da hannu da sassafe tsohuwar al'ada ce a ruga, kaji da carki kuma suna taya aikin. Abin da ba a cika sani ba shi ne hatsarin da ke kan mai cirewar.

Na taɓa tsayawa a wani garke ina kallon yaro ɗan shekara kamar goma yana wannan aiki. Ya tsuguna a gindin saniya, ya fizgo ƙatuwar kaska da ta sha ta yi tim kamar ƙwayar gurjiya, ya matse ta tsakanin farcensa biyu har ta fashe, jinin ya fantsamo masa a hannu. Ya goge a riga, ya sosa ido, ya ci gaba. Ƙwazonsa ya burge ni, amma gabana ya faɗi, domin ta wannan hanya ce daidai wata muguwar cuta ke shiga mutum.

Sunanta zazzaɓin Kirimiya da Kwango, saboda an fara gane ta a yankin Kirimiya a 1944, aka sake samun ƙwayarta a Kwango a 1956. Kaska mai dogayen ƙafafu masu zobe-zoben fari, wadda ta fi son busasshiyar ƙasa irin tamu da jikin shanu da raƙuma, ita ce babbar mai ɗauke da ita. Tana ƙarama takan sha jinin zomo da bushiya da tsuntsayen ƙasa, ta girma ta koma kan manyan dabbobi. Wuyar sha'anin ita ce dabbar da ke ɗauke da cutar ba ta nuna komai. Tana ci tana sha, alhali ƙwayar na yawo a jininta kimanin mako guda. Mutum na kamuwa ta cizon kaska, ko ta fasa ta da hannu, ko ta taɓa ɗanyen jinin dabbar lokacin yanka da fiɗa. Bayan kwana 1 zuwa 3 da cizo, ko 5 zuwa 6 da taɓa jini, sai zazzaɓi ya rufe shi farat ɗaya, da ciwon kai da na baya da jan ido, daga baya haɓo da zubar jini ta dasashi, da tabo-tabo a fata. Cikin masu kamuwa 100, daga 10 har zuwa 40 na iya rasuwa, kuma babu allurar rigakafinta da ake yi wa jama'a. Mai jinya ma na iya ɗauka daga jinin majinyaci. Binciken jini ya nuna alamar ƙwayar a shanun arewacin Najeriya da kuma jikin mutane a Jihar Borno, an kuma sha samun masu cutar a Muritaniya da Senegal.

Ba don a tsorata kowa da dabbarsa na kawo wannan ba. Raina kama ka ga gayya, shi ne kawai. Kuma a kwanakin farko wannan ciwo da masassarar sauro kamarsu ɗaya. Don haka makiyayi ko mahauci ko dillalin kara da ya yi zazzaɓi, aka gwada ba a ga cutar sauro ba, ya buɗe baki ya gaya wa likita sana'arsa, ya ce kaska ta cije shi ko ya yi fiɗa a makon nan. Wannan magana ɗaya na iya sauya yadda za a duba shi.

Wajen cire wa dabba kaska, a sa safar hannu, in babu a ɗaura leda. A tanadi gwangwani da ɗan kananzir a riƙa jefa su ciki, ko a zuba a wuta. Wadda aka yar a ƙasa da rai, in ta ƙoshi, za ta lallaɓa cikin tsagar bango ko ƙarƙashin taki ta zuba dubban ƙwai. Saboda haka share turke da liƙe tsagogin bango rabin magani ne. Idan a jikin mutum ta kama, a sa matsefata ko hantsaki a kamo ta dab da fata, a ja a miƙe a hankali ba tare da murɗawa ba, a wanke wurin da sabulu. Kada a ɗora mata wuta ko a matse cikinta. Yaron da ya dawo kiwo a duba masa hammata, da bayan kunne, da cikin gashi, da matsematsi.

Lokacin layya, da rago ke kwana a tsakar gida yara na wasa da shi, a saye shi da wuri a yi masa maganin kaska mako 2 kafin yanka, bisa shawarar malamin dabbobi. Mai yanka da mai fiɗa su rufe duk wani rauni a hannunsu, su wanke da sabulu, a binne jinin. Naman da ya dahu sosai ba shi da wannan matsala. Gargaɗi ɗaya kuma da nake so ya zauna: maganin feshin gona da fiya-fiya guba ne. Ba a wanke dabba da su, ba a shafa wa yaro a ka don kwarkwata, ba a yayyafa su a ɗakin da za a rufe a kwana.

Ƙudaje

Ƙudan da ke dandazo a idon yaro mai kwantsa yana kwasar amosanin ido daga wannan fuska zuwa waccan. Ciwon na maimaituwa shekara da shekaru har gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar, a ƙarshe a makance. A bayan gidan da aka yi a fili wannan ƙuda ya fi haihuwa, don haka masai mai murfi da wanke wa yara fuska kullum su ne maganinsa na asali, kuma su ne ke rage ƙudan da ke sauka a abinci ya kawo gudawa. Shi kuwa ɗan ƙaramin baƙin ƙuda mai kawo makantar kogi, a ruwa mai gudu kan duwatsu yake haihuwa. Shekaru ana raba ƙwayar Mectizan saboda shi, kuma a Janairu 2025 aka tabbatar maƙwabciyarmu Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka. Kuɗin cizo, duk da hana barcin da yake yi, ba a same shi da yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba.

Aikin unguwa

Sauro na iya tashi daga ramin da ke bayan gari ya kwana a ɗakinka, don haka wanda ya share gidansa shi kaɗai bai gama ba. Babban kududdufi ba ya cikuwa da kwando goma, kuma jama'a na amfani da shi. Amma ƙananan ramukan da magina suka bari, da kwarin da mota ta haƙa a hanya, da laka a gindin famfo da bakin rijiya, waɗannan aikin gayya na safiya ɗaya ne. Mai unguwa ne zai kira gayyar. Liman zai iya tuna wa mutane zagayen maganin yara bayan sallar Juma'a. Maganar safar hannu da binne jini a mayanka ta Sarkin Fawa ce, ta gwangwanin kananzir a ruga kuma a bakin Arɗo za ta fi shiga kunne.

Aikin gida

Ku kasu uku-uku. Kowace ƙungiya ta zagaya unguwarta da ludayi da farin kwano, ta rubuta duk wurin da ta sami ruwa a kwance, da irin tsutsar da ta gani: mai kwanciya a miƙe ce ko mai rataye kai ƙasa? A gidanka kuma ka ƙirga wuraren kwana, ka ƙirga gidajen sauron da aka ɗaura daren jiya, ka rubuta lambobin biyu gefe da gefe. Masu dabbobi su duba dabba 5, su rubuta a wane sashe na jiki kaska ta fi taruwa da kuma kamanninta. A darasi mai zuwa za mu haɗa abin da kuka samo mu zana taswirar unguwa a allo, mu zaɓi ramuka uku da za a fara cikewa, mu sa rana, sannan mu wakilta mutum biyu su kai wa mai unguwa.